Zauren da Aka Sa wa Rigar Siminti

Gara in faɗi tun farko cewa ban rubuta waɗannan abubuwa a lokacin da suke faruwa ba. Wasu maganganun ina jin su a kunnena kamar yau aka yi su. Wasu kuwa ba ni da tabbas ko haka aka faɗe su, ko ni ne na goge su a raina saboda yawan tunawa. Sunayen mutane duk na sauya su. Na rubuta ne domin masu fitowa daga lakwal, wato makaranta, da ake turo mini su koyi aiki, waɗanda da yawansu suke ɗauka cewa shef na shantiye, wato mai kula da wurin gini, mutum ne mai farar hular kwano da wayoyi biyu, yana tsaye a inuwa yana nuna wa mutane da yatsa. Akwai hular, akwai wayoyin. Inuwar ce ban taɓa samu ba.

Ni ɗan Badagishiri ne, mahaifina mai lambun albasa. Da na gama karatun gine-gine a Yamai, sai na shiga hannun wani dattijo a Tawa, Shef Jibo, Allah ya jiƙansa. Na je masa da takardar shaidata a cikin leda. Ya karɓa ya duba, ya yaba, ya mayar mini, sannan ya ba ni kwalbar lemo wadda ba komai a ciki. Aikina na farko shi ne duk motar yashin da ta shigo in ɗebi kaɗan in zuba a kwalbar, in ƙara ruwa, in girgiza, in ajiye. Idan ya kwanta, yashi yana ƙasa, laka tana sama. Idan lakar ta yi kauri, motar ta koma inda ta fito, ko direban zai zagi uwata. Kuma sun zaga. Rani guda na yi ina wannan, da duba ɗaurin rodi, da tabbatar da an shayar da kankare ruwa safe da yamma. A lokacin ina ganin kamar wulaƙanci ne. Yanzu ina jin, ko da yake ban tabbata ba, so yake in saba da cewa a'a ga mutumin da ya girme ni yana kallon idona.

Kayan aikina har yau ba su da yawa: igiyar awo, igiya mai dalma a baki ta duba miƙewar bango, ma'aunin ruwa, da wata ƙaramar guduma mai ƙotar katako. Gudumar ba ta fasa komai ba ce. Ƙwanƙwasa bango ake yi da ita a saurara. Shafe mai kyau da ya kama bango yana amsawa a tsuke, ƙas-ƙas. Wanda ya saki bango kuwa yana amsawa kamar an bugi ƙwaryar da aka kife. Ba a koyon wannan a littafi, amma ba wani sirri ba ne, duk mai kunne zai iya idan ya yi haƙuri.

Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai bari sai ka zuba tushe na bene ɗaya sannan ya ce ya ga na abokinsa a Sakkwato, a ƙara masa biyu. Akwai wanda zai zo ya ƙirga rodi da idonsa ya ce sun yi yawa, ai Allah ne ke riƙe gini. Ba ka iya musa masa wannan, sai dai ka ce haka ne, Alhaji, kuma shi ne ya hore mana ƙarfe. Duk waɗannan na saba da su. Aikin da ya hana ni sakewa, mai shi mutumin kirki ne, kuma bai taɓa neman in rage ko rodi ɗaya ba.

Aikin a tsohon garin Konni yake, na Alhaji Arzika, ɗan kasuwa mai safarar kaya daga Lome. Shaguna a ƙasa, burori, wato ofisoshi, a tsakiya, ɗakunan haya a sama. Filin gidan gadonsu ne, an rushe tsofaffin ɗakunan da suka lalace, amma a kusurwar da ke duban hanya akwai zauren kakan kakansu, wanda aka ce fatake suke sauka a wurinsa. Ginin ƙasa ne na tubali, bangonsa a gindi ya fi tsawon hannuna kauri. Rufinsa na azara da ƙasa yana kwance ne a kan bakan gizo biyu da suka gitta juna a tsakiya. Ma'aikatar gari ta ba da izinin gini, amma da sharaɗin buron al'adu na Tawa: zauren zai tsaya yadda yake, ba a rushe shi, ba a jingina masa sabon gini, ba a sauya abin da aka gina shi da shi. Idan ya sami lahani, za a tsayar da aikin gaba ɗaya.

Haƙar tushe a gefen zauren ita ce fargabata ta farko. Na hana a shigo da injin haƙa. Da diga da cebur muka yi, rami ɗaya a haƙa a zuba masa kankare ya kama, sannan a tsallake a haƙa wani, don kada ƙasar da zauren ke tsaye a kai ta sami inda za ta zame. Na bar lungu tsakanin zauren da sabon gini, wanda mutum biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Ruwan da muke shayar da kankare na yi masa kwata ya bi ta baya. Manyan motocin da ke kawo siminti daga Malbaza na hana su matsowa, a bakin titi suke saukewa, leburori su ɗauko a ka. Babban maginina, Hankurau, Bagobiri ne mai baki, kullum sai ya yi mita.

"Shef, ni hwa gini niz zo yi, ba renon tsoho ba. In munka yi atishawa ma sai mu nemi izini?"

"Ka nema," nake ce masa. "Kuma ka juya baya in za ka yi."

A cikin zauren kullum akwai Baba Nomau, ƙanin mahaifin Alhaji, shi ne babba a zuriyar. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, yana zama a kan buzu da rediyonsa, maƙwabta suna shigowa gaisuwa. Injiniya yake kirana, kuma tuwon gidansa nake ci da rana. Daga bakinsa na ji al'adu biyu na gidan. Ta farko, duk shekara kafin ruwa ya sauka mazan gidan suna taruwa su kwaɓa ƙasa da ciyawa da ruwan makuba, su yi wa zauren yaɓe da hannu. Ta biyu, duk ɗan da aka haifa a zuriyar, ko a ina aka haife shi, a cikin wannan zaure ake kiran sunansa. Na ji daɗin ta farkon, har na ce masa idan lokacin yaɓen ya yi a kira ni in zo in sa hannu.

Babbar Sallah ta zo a bakin damina a shekarar. Na sallami ma'aikata, masu tafiya Dogarawa da Tajaye suka tafi, ni ma na nufi gida. Ranar da na dawo, na sauka daga kan babur a bakin lungu, sai na ɗauka ɓatan hanya na yi. Zauren ya zama toka-toka, sumul, daga gindi har zankwaye. An shafe shi da siminti. An zuba masa dakali kewaye da gindin, an kuma dafe ƙasan cikin da siminti har tana ƙyalli.

Cindo ne ya yi, ƙanin Alhaji, wanda ya daɗe a Abijan yana ci-rani kuma ya dawo a makon Sallah. Da mazan gidan suka taru don yaɓe, sai ya ce shi ba zai ga bene na siminti yana tashi a gefe ba, zauren kakansu yana sanye da laka kamar rumbu. Da aljihunsa ya sayi simintin, bai taɓa ko buhu ɗaya na shantiye ba, na duba. Ya ɗauko magina daga wata unguwa. Duk gidan suka sa masa albarka. Ya tarye ni fuskarsa cike da fara'a.

"Shef, ka ga aiki? Kakanmu ya gama wahala. Ba sauran yaɓe har abada."

"Malam Cindo," na ce, "wa ya ce a yi wannan?"

Fara'ar ta ɗauke. "Wa ya ce? Gidanmu na. Ko sai na ɗauko takarda daga Tawa kahin in sa ma kakana riga?"

A nan zan ɗan tsaya in yi bayani, don wannan kuskure ba na mugaye ba ne, na masu son gidansu ne, kuma a ƙasarmu da siminti yake alamar mutum ya samu, za ku gamu da shi. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindi, kamar yadda lagwani ke shan mai. Muddin yaɓensa na ƙasa ne, iska da rana suna janye danshin ta fuskar bangon, ya bushe. Siminti kuwa ba ya barin komai ya fita. Idan ka rufe waje, ka rufe ƙasan ciki, ka kewaye gindi da dakali, danshin ba shi da hanya sai cikin bangon kansa. Kamar ka ƙulle jiƙaƙƙen gero a leda ne. Daga waje ledar tsaf take.

Na kira Madam Hamsatu ta buron al'adu, domin sharaɗin ya wajabta mini. Bazabarma ce, mace mai natsuwa. Ta zo ta zagaya zauren, sai ta ga Hankurau, abokin wasanta na ƙabila.

"Kai bawana, kana ina aka yi wannan?"

"Ranki shi daɗe, ina gida ina cin naman Sallah. Ai ko Bazabarme ba shi yin wanga aiki."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ja ni gefe ta ce dole a cire simintin, amma ba yanzu ba. Ya riga ya kama, idan aka ɓamɓare shi zai taho da fuskar bangon, ga hadari yana haɗuwa kullum, kuma bangon ƙasa tsirara a damina ba ya kai labari. A jira kaka. Ta ce ba za ta tsayar da aikin ba tunda ba shantiye ne ya yi ba. Sannan ta ƙara da abin da ya zauna mini a ciki: "Ka sa masa ido. Idan ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, ka kira ni. Amma ka sani, idan ka kira ni, da 'yan sanda zan zo, in rufe zauren in rufe shantiyen."

Daminar nan ita ce muguwar shekarata a wannan sana'a. Ga manoma alheri ce. A tsohon gari kuwa ruwa ya riƙa kwana a lunguna, ƙasa ta ƙoshi har ta daina sha. Ginimmu ya riga ya kai hawa na biyu, don haka lungun da na bari ya zama wuri mai duhu da sanyi, rana ba ta leƙa shi sai da tsaka. Kowace safiya kafin ma'aikata su iso nakan bi gindin zauren da gudumata. Da farko ƙas-ƙas ko'ina. Daga baya, a ɓangaren lungun, sai amon ƙwarya ya fara, wuri kamar faɗin tafin hannu. Bayan wani ruwan ya kai faɗin faifai. Bayan wani kuma na daina neman inda yake amon ƙwarya, na koma neman inda bai yi ba.

Sai tsaga ta fito a ciki, siririya kamar zare, daidai inda ƙafar bakan gizo ɗaya ta sauka a kan wannan bango. Tsaga a ginin ƙasa ba abin mamaki ba ce, akwai waɗanda suka girme ni kuma ba sa motsi. Don a gane mai motsi, ana kwaɓa farin gari irin wanda likita ke ɗaure karaya da shi, a manna ɗan kaɗan a gicciye a kan tsagar. Muna kiransa shaida. Idan bango yana tsaye, shaida tana nan lafiya. Na manna. Kafin mako ya zagayo ta rabu biyu. Na ce ko ban kwaɓa da kyau ba ne, na sake wata. Ita ma ta rabu.

A cikin wannan hali matar Cindo ta haihu. Namiji, kuma ɗansa na fari bayan dogon jira.

Na san yadda suna yake a gidan nan, an ba ni labari. Maza za su cika zauren har bakin ƙofa, na gefe su jingina da bango, masu shiga da fita suna gogar ƙofa, maroƙi yana tsaye a tsakiya yana kwarara murya. Na kira Alhaji Arzika a Lome na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Shef, na ji. Amma benen ne nawa. Zaure na Baba ne, ni ɗa nike a gidan nan. Ka je ka same shi."

Na same shi bayan la'asar, Cindo yana wurin. Na roƙe su mu fito waje mu yi maganar, Baba ya ce gwiwarsa ba ta yarda ba. Don haka a ƙarƙashin tsagar na durƙusa na yi bayanin gero da leda. Na ƙwanƙwasa musu bangon. Na nuna musu shaidar da ta rabu.

Baba ya kashe rediyo. "Injiniya, tambaya guda za ni yi maka. Zauren ga hwaɗuwa za shi yi?"

"Baba, mai yiwuwa ne, idan aka duba yadda..."

"Ban tambaye ka mai yiwuwa ba. Ni ma mai yiwuwa ne in mutu kahin magariba. Za shi hwaɗi, ko ba za shi hwaɗi ba?"

"Ban sani ba, Baba. Zai iya kai shekaru a haka. Zai iya saukowa kafin mu gama maganar nan. Ba na ganin cikin bangon. Abin da na sani kawai, yana motsi."

"Kun ji ko," in ji Cindo. "Bai sani ba. Baba, tun randa niy yi aikin ga mutumin ga ke kallona awa na yi sata. Yanzu so yake a ce ɗana ne na hwarko da za a kira sunanshi a titi, awa marar gida."

Ku da kuke shigowa sana'ar nan, ku lura da wannan wuri. An koya mana lissafin abin da ƙarfe da kankare za su ɗauka. Ba wanda zai iya yi maka lissafin jiƙaƙƙen bangon da ba ka ganin cikinsa. Za a tambaye ka i ko a'a, amsar gaskiya kuwa ita ce ba ka sani ba, kuma duk da haka dole ka tare ƙofa. Idan ka yi ƙarya ka ce lalle zai faɗi, aka shiga bai faɗi ba, ba wanda zai sake saurarenka a garin.

Na fito da wayata. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Idan za a cika zauren nan da mutane, zan kira Madam. Za ta zo ta rufe shi, ta rufe aikin. Ni da Hankurau da duk ma'aikata za mu koma gida. Na san haka. Amma zan kira."

Ina jin ɗigar ruwa daga indararo a cikin lungu.

"Ka kira ma gidan da kake cin tuwo hukuma," Baba ya ce a hankali. Ba tambaya ba ce. Ban mayar da wayar aljihu ba.

Ya daɗe yana kallon rufin. Sannan ya ce, "Waɗancan ƙarahuna da kuke tokare bene da su kahin shi bushe. Suna iya riƙe wanga?"

Na ce za su taimaka. Na ce ba zan rantse ba, amma idan an tokare bakan gizon, ko bangon ya saki, rufin zai ɗan jira.

"To ka tokare. Jama'a su zauna cikin shagunanku. Ni da liman da uban ɗa mu shiga, a kira suna, a yi addu'a, mu hito." Ya juyo ya dube ni. "Da kai. In ka yarda da ƙarahunanka, ka tsaya gindinsu."

Wasu abokan aikina da na ba su labarin daga baya sun ce bai kamata in bar ko mutum ɗaya ya shiga ba. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Abin da na gani a lokacin shi ne, tsohon nan zai shiga ko da ni ko ba ni, kuma mutum huɗu sun fi saurin fita a kan zaure cike.

Ana gobe suna muka tokare. Sandunan ƙarfe ne masu zobe a tsakiya, ana murɗa zoben sandar ta ƙara tsawo. Muka shimfiɗa katako a ƙasa, muka sa wani a sama da tsumma don kada ƙarfe ya ci ƙasar bakan. Na hana a ɗaure su da ƙarfi, domin idan ka tura tsohon rufi sama kai ma ka karya shi. Su taɓa shi kawai. Sandar da ke kusa da tsagar na bar zobenta yadda zan iya juya shi da yatsu.

Da hantsi jama'a suka cika shagunan da ba a gama ba, a kan tabarmi, tsakanin tarin bulo. Ana ta kallona, wasu suna magana ƙasa-ƙasa. Na roƙi maroƙin ya tsaya a bakin titi, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin sunan da injiniya ke tsara wa mutane wurin tsayuwa ba. Hankurau ya tsaya a ƙofar zaure don kada kowa ya biyo mu.

Cikin zauren yana warin rijiya. Baba ya zauna a kan buzunsa, da ƙyar, Cindo yana riƙe da hannunsa. Na so in ce a yi a tsaye, ban iya ba. Liman ya zauna, aka ajiye faifan goro da dabino a tsakiya. Ni na tsaya kusa da tsagar, na dafa sandar, yatsuna a kan zoben. Cindo ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan. Liman ya faɗa, Hankurau ya miƙa wa maroƙi, muka ji muryarsa ta tashi a titi, jama'a suka amsa. Aka ɗaga hannu.

Liman yana cikin addu'a na gwada juya zoben. Bai juya ba. Na sa tafin hannu gaba ɗaya. Kamar an narka shi da sandar. Na ɗaga kai, sai na ga ƙasa tana zubowa siririya daga tsakanin azara, tana sauka a kan goron.

"Baba," na ce. "Mu fita."

Bai buɗe ido ba. "Liman bai shahwa ba."

Liman ya ji ni, na tabbata, don na ga idonsa ya je kan faifan. Ya ci gaba. Ya roƙa wa jaririn, ya roƙa wa uwarsa, ya roƙa wa waɗanda suka gina zauren da waɗanda aka kira sunansu a ciki suka riga mu. Ina kallon ƙofa, ina auna yadda za a ɗaga tsoho mai ciwon gwiwa daga ƙasa, wa zai kama ina. Da aka shafa, ban jira kowa ba, na cusa hannu a hammatar Baba, Cindo ya kama ɗaya gefen, muka fito da shi ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, yana faɗa yana cewa a bar shi ya ɗauki takalmansa.

Zauren bai faɗi ba. Aka ci, aka sha, aka watse. Na ji wani yana cewa 'yan lakwal da tsoro kamar kaza.

Da yamma na kira Baba da Cindo cikin lungu. A gindin bangon, inda amon ƙwarya ya fi yawa, na sa babbar guduma na fasa simintin kaɗan, faɗin tafin hannu. Ruwa bai fito ba, wari ne ya fito. Na matsa gefe. Cindo ya durƙusa ya sa yatsa, yatsan ya shige. Ya sa hannu, hannun ya shige har wuyan hannu, sannan har kusan gwiwar hannu. Ya zaro shi da baƙar laka tana ɗiga tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Shef," ya ce, bai ɗago ba. "Da an cika shi da mutane hwa?"

"Ban sani ba," na ce.

Ya miƙo hannun nan mai laka, na ba shi gudumar.

Ba mu cire duka a ranar ba. Na sanar da Madam, da ta ji an tokare rufin ba ta rufe aikin ba, ta yarda mu fasa dakalin da gindin shafen don bangon ya sami iska, muka kafa rumfar zana nesa kaɗan da shi ta tare feshin ruwa. Cindo ne ya fasa yawancinsa da hannunsa. Da kaka aka ɗauko magina ƙasa daga wajen Tajaye, suka riƙa cire ruɓaɓɓen gindin kaɗan-kaɗan suna mayar da sabon tubali, sai da ya bushe sannan muka janye sandunan. Benen ya ƙaru, akwai mai sayar da magani da tela a ƙasa. Zauren yana nan da yaɓensa na ƙasa.

Abu ɗaya ne har yau ban warware ba. Bayan an gama aikin, muna shan shayi, na ba Hankurau labarin zoben da ya ƙi juyawa. Ya ajiye kofi ya ce ai shi ne ya bi sandunan da asuba ya ƙara musu ɗauri da guduma, don bai yarda da wannan sassaucin nawa ba. Na ce ƙarya yake, da shigarmu, kafin a fara addu'a, na juya zoben da yatsuna kuma ya juya. Ya rantse. Ni ma ina iya rantsewa, amma ba da ƙarfin da ya yi ba. Idan shi ne da gaskiya, rufin bai motsa ba ranar nan, ƙasar da na gani kuwa ta ɗaurinsa ce. Idan ni ne, to mutum huɗu sun zauna a ƙarƙashin rufin da ya riga ya saki, ƙarfe ne kawai ke riƙe da shi.

Baba Nomau ya rasu, liman ya tsufa ƙwarai, Cindo ya koma Abijan kuma ba na son in tayar masa da zancen. Amma akwai ma'aikatan da suka kwana a shantiyen, akwai maƙwabtan da suka fito sallar asuba ta wannan lungu. Duk wanda ya ga Hankurau ya shiga zauren da guduma a safiyar nan, ko ya tabbata bai shiga ba, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun duk wani magini na tsohon gari, sun san inda nake. Haka kuma duk inda na kauce a sauran labarin, a gyara mini. Zan karɓa, ko da gyaran bai yi mini daɗi ba.